Kujerar da Auta Ke Bari a Mota

Ranar Laraba ce, motata kuma tana wurin makaniki. Ina da alƙawari da likitan ido da hantsi, shi ya sa Auta ya ce in shirya da wuri, zai rage mini hanya a motar kayansa. Shi ne ƙarami a 'ya'yanmu biyu, sana'arsa ba da hayar kujeru da rumfuna ga masu taro. Na bi wannan rana daki-daki sau da yawa daga baya, lokacin da ya zama dole in yanke wanda zai karɓi kujerunsa, ko mijin yayarsa ko direbansa. Shekara talatin na yi a ɗakin gwajin ruwan sha, inda mutum ke rubuta abin da ya gani kawai. Haka zan yi a nan.

Wajen ƙarfe shida da rabi ya fito daga ɗakinsa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya sha shayi a tsaye a bakin kicin. Uwarsa ta ce ba ta taɓa ganin mai kujera ɗari huɗu da ba ya zama ya karya kumallo ba, shi kuma ya ce, "Umma, ai na haya ne. In na zauna sai na biya." Sun yi wannan raha fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma kullum sai ta yi dariya. Ta tuna masa famfon tsakar gida yana ɗiga. Ya ce da yamma.

Bakwai ba ta cika ba Dogo ya yi oda a ƙofar gida. Dogo shi ne direban, ya girmi Auta nesa ba kusa ba, yana da 'ya'ya biyar, kuma in ba a tambaye shi ba yana iya wuni bai ce uffan ba. Muka matsu mu uku a gaban motar. Auta ya ɗora gwiwarsa kusa da giya, Dogo na ture ta duk lokacin da zai canza.

Shagon ajiyar yana bayan wani layin shaguna, da ƙofar ƙarfe mai ƙara. Ciki, fararen kujerun roba ne jere an ɗora wasu kan wasu har kusa da silin, sai na ƙarfe masu katifa, sai kuma can ƙurya, an lulluɓe su da tsofaffin zannuwan gado, kujerun sahun gaba. Su na katako ne, masu hannu, an yi musu jan karammiski. Aikin ranar taron ban kwana ne da wani darakta da ya yi ritaya. Na tsaya a gefe ina kallon ana lodi, na ƙirga na gaban da aka ɗora, sha ɗaya. Dogo ya ɗaure ta ƙarshen daban, a jikin kan motar, da igiyarta ita kaɗai.

A hanya Auta ya ce mai shirya taron kujera tara ya nema a gaba, shi kuma goma zai jera masa. Na tambayi dalili. Ya ce tara tana da tsakiya. Duk sahun da ke da tsakiya, kujera ɗaya ce a wurin, masu ganin su suka cancanta da ita kuwa ba sa kasa uku. In aka jera goma, mutum biyu ne za su raba tsakiyar, kowa ya koma gida ya ce wa matarsa shi aka sa a tsakiya, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Dogo ya yi murmushi bai juyo ba.

Ƙarfe takwas ta same mu a zauren taron. Asibitin idon yana tsallaken titi, lokacina bai yi ba, sai na zauna a sahun baya. Mai shirya taron, wani saurayin ma'aikaci da kati rataye a wuya, ya ƙirga kujerun gaba sau biyu ya zo yana cewa an yi kuskure. Auta ya ce masa ta goman kyauta ce daga kamfani. Kamfanin kuwa shi ne da Dogo. Saurayin ya ji daɗi ya tafi.

Tara saura kaɗan, kafin kowa ya iso, wani dattijo ya shigo cikin kaya masu guga, ya nufi sahun gaba kai tsaye ya zauna, ya ɗora hularsa daidai. Ko ni daga sahun baya na gane tsohon babba ne a wannan ofis, wanda aka aika wa katin gayyata don kada a ce an manta shi. Na kuma san abin da zai faru nan da awa ɗaya: wani zai zo ya sunkuya a kunnensa ya roƙe shi ya ɗan koma baya, a gaban jama'a. Auta ya ajiye abin da ke hannunsa ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce fankar da ke saman wurin nan ba ta aiki sosai, rana kuma za ta shigo ta wancan tagar, amma akwai wuri mai iska kusa da ƙofa. Ya raka shi ƙarshen sahu na biyu, inda duk mai shigowa sai ya bi ta gabansa. Da ya dawo wucewa ta wurina ya rage murya ya ce, "Ba kujerar yake so ba, Baba. So yake a gaishe shi." Fankar lafiyarta ƙalau.

Goma na shiga wurin likita. Aka ɗiga mini maganin da ke buɗe ƙwayar ido, aka ce gani zai yi dishi-dishi har dare, kada in yi karatu. Sha biyu Auta ya zo ya ɗauke ni. Ya riƙe mini gwiwar hannu wajen tsallaka kwata, na ce masa ban makance ba tukuna, ya ce ya sani, shi ne yake tsoron faɗawa.

Dogo ya ajiye motar a wata kwana bayan zauren, muka zauna jiran a tashi. Auta ya nuna mini wasu manyan motoci uku a inuwar bishiya, injinsu na aiki, gilashi a rufe. Ni dai duhu-duhu uku nake gani. Ya ce masu su sun iso tun kafin a buɗe taro, suna jira ne zauren ya cika don a tashi tsaye in sun shigo, kuma kowannensu yana jiran ɗayan ya riga shi fita. Ya ce ya taɓa ganin biyu da suka yi ta jiran juna har aka yi addu'ar rufewa. Ba da ƙyashi yake faɗin irin wannan ba. Yadda makaniki ke ba da labarin injin da ya saba da halinsa, haka yake yi.

A nan na tambaye shi kujerar da ke ɗaure a bayanmu, wadda ba a sauke ba. Ya ce ita ba a sauke ta. Kowane taro akwai mutum ɗaya da masu shiri suka manta, kuma ba babba ba ne. "Manya ba a manta su, Baba, ba sa bari." Wani lokaci gwaggon ango ce da ta raine shi, wani lokaci malamin da ya koya wa mai bikin karatu. Ya ce ba a fito da ita don wanda ya nema, ko wanda ke waige-waige yana so a gan shi a tsaye. Ana fito da ita ne don wanda ya tsaya kawai, bai ma san yana tsaye ba. Kuma ba a yi masa magana. A kai ta bayan gwiwarsa a ajiye a wuce. Yawancin ranaku haka take komawa shago ba a kwance igiyarta ba.

Ƙarfe ɗaya da wani abu muka dawo gida. Ya ci abinci, ya miƙe a kan kafet ɗin falo ya yi barci kaɗan da waya a ƙirji. Wayar ce ta tashe shi. Yayarsa ce, tana roƙa wa mijinta kujeru don taron wata ƙungiya ranar Asabar. Mijin nata sakatare ne a ƙungiyoyi uku, shi ya sa Auta ke ce masa Sakatare, har sunan ya bi shi a gidanmu. Na ji yana cewa, "Yaya, ki ce wa Sakatare zan kawo. Amma ranar da ya zama shugaba farashi zai tashi." Na ji dariyarta daga inda nake.

Wajen uku ya sa takalmi. Akwai rumfunan da zai kwance a filin wata makaranta. Ya ga jarida a hannuna, ya zare ta ya ɗora a kan firij, ya ce likita ya ce sai gobe. Na ɗaga kai na dube shi a bakin ƙofa. Hasken waje yana bayansa, maganin kuma bai sake ni ba. Abin da na gani dogon mutum ne da farar riga, fuskar ba ta fito ba.

Biyar ta wuce Dogo ya kira. Suna sauke rumfa ta ƙarshe, Auta ya ɗaga ƙarfenta, kan ƙarfen ya taɓa wata wayar lantarki da ta yi ƙasa. Dogo ya ture shi da kujerar roba har ya saki. Kafin su kai asibiti ya cika. Da na isa, na tambayi likitan ƙarfe nawa ne, ya faɗa mini, na yi masa godiya. Ban san abin da zan yi da lokacin ba, amma na riƙe shi.

Shekararsa talatin da ɗaya. Bai yi aure ba, ko da yake uwarsa ta ce akwai wata malamar asibiti da yake yawan kai wa kujerun da ba ta nema ba. Tun yana ƙarami, in baƙi suka zo, shi ne mai jera takalmansu a bakin ƙofa, kuma yana iya faɗa maka wanda zai riga tashi. Ya yi difloma a lissafin kuɗi, ya yi shekara biyu yana kai takardu ofisoshi. Bayan bikin yayarsa wasu kujerun roba da muka saya suka rage a tsakar gida, maƙwabci ya ara, wani ya ara ya ba shi na sabulu, daga nan abin ya fara. Bai taɓa cewa yana son ya zama wani abu ba. In an tambaye shi inda yake ganin kansa nan da shekara goma, sai ya ce a bayan zaure, kusa da ƙofa.

Daga nan bayan zauren ya san mutane. Yakan ce a duk shekarunsa ba wanda ya taɓa tambayarsa ko kujera tana da daɗin zama, tambayar kullum ita ce wa ke kusa da ni. Yakan ce wanda ya fi wahalar zaunarwa shi ne mai cewa "ni ko'ina ma na zauna", domin a gefen sahun gaba yake tsayawa ya faɗa. Sahu na biyu ya fi ba shi tausayi. Na baya suna cin abincinsu, su yi hira, su sulale lokacin da suka ga dama. Na gaba ba su da ikon yin hamma ko zagayawa, amma sun sami abin da suka zo nema. Na biyu kuwa suna wuni suna kallon ƙeyar wanda suke ganin bai fi su ba.

Da ya sayi kujerun karammiskin, ɗaya ta zo da majingina mai ado, ta fi sauran tsawo da kamar tafin hannu. A taron farko da ya fita da ita, dattawa biyu, surukan juna, suka daina magana saboda ita. Washegari ya ari zarto wurin kafinta ya yanke adon, ya goge wurin ya shafa fenti. Fentin bai zo daidai da na asali ba, shi ya sa ya daina jera ta a gaba. Ita ce ta zama ta cikin mota.

Akwai kuma takardu. In an tashi taro suna kwashe kaya, sau da yawa sai su tarar da takarda a ninke, an cusa ta tsakanin katifa da hannun kujera. Jawabai ne. Mutum ya kwana yana rubutawa ko za a kira shi ya ce wani abu, ba a kira shi ba, ba ya kuma so ya koma gida da ita a aljihu. Auta yana tara su a wani kwali a shago, wai ko mai ita zai dawo nema. Ba wanda ya taɓa dawowa. Ya ce ba ya karantawa, layin farko kawai yake gani, kuma duk iri ɗaya ne, jerin manyan baƙi da muƙamansu.

Daren da ya rasu da safiyar jana'iza, Sakatare ne ya tsaya a kan komai. Dole in faɗi wannan. Shi ya karɓo takardun asibiti, shi ya sanar da dangi, shi ya hana mutane shiga wurin uwar Auta lokacin da ba ta iya ganin kowa. Bai runtsa ba. Mutum ne mai ƙoƙari da son a ga ƙoƙarinsa, kuma ban ga laifi a na biyun ba tunda na farkon gaskiya ne. Dogo kuwa tun da ya ba ni labarin abin da ya faru sau ɗaya, a farfajiyar asibiti, bai ƙara ba. Tafin hannunsa na dama ya ɗan ƙone. Bai nuna wa kowa ba, ni na gani.

Da masu gaisuwa suka yi yawa, falo ya kasa ɗauka, Sakatare ya sa Dogo ya kawo rumfa biyu da kujeru aka kafa a ƙofar gida. Shi da kansa ya jera na karammiski a gaba. Bakwai ya jera. Ya kamo hannuna ya zaunar da ni a ta tsakiya, ya ce, "Baba, nan ne wurinku." Na ƙirga, uku a dama uku a hagu. 

Da hantsi tsohon shugabanmu na wurin aiki ya zo. Sakatare ya tarbe shi tun daga mota, ya kawo shi gabana, suka tsaya. Na tashi na ba shi wurin, na matsa kujera ɗaya. Bai ƙi ba. Can sai ga shugaban ɗaya daga ƙungiyoyin Sakatare da mutanensa, na sake matsawa. Mai unguwarmu, wanda ba ya jituwa da shugaban ƙungiyar, ya iso, aka rasa inda za a sa shi da ba zai zama ƙasa da shi ba, na tashi na ba shi tawa. Ba wanda ya ce in tashi. Kowane lokaci dai akwai mutum a tsaye a gabana, da Sakatare a gefensa yana murza hannu, tashin ya fi sauƙi.

Kafin azahar ina tsaye a ƙarshen rumfa, kusa da ƙarfenta. Na ɗaga kai na duba ko akwai waya a sama. Babu. Daga nan ina ganin komai sarai, maganin ido ya daɗe da sakina. Masu zuwa suna nufar kujerar tsakiya kai tsaye. Waɗanda ba su san ni ba, abokan cinikin Auta da yawansu, suna durƙusawa gaban tsohon shugabana suna ce masa Allah ya ba da haƙuri, Allah ya jiƙan yaro. Da farko yana nuna inda nake da hannu. Daga baya ya gaji, ya koma gyaɗa kai yana cewa amin. Ya iya karɓar gaisuwa, ya fi ni. A sahu na biyu wasu mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa kan wanda zai gaji wani muƙami. Wani ya fito da takarda daga aljihu ya duba ya mayar.

Ban ji haushi ba, ban ji gajiya ba. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba, kuma wannan ba halina ba ne. Ina dai kallon wata igiyar rumfa da aka ɗaure ba irin ɗaurin Auta ba.

Sai na ji wani abu ya taɓa bayan gwiwata. Na juya. Dogo ya riga ya ba da baya yana komawa wajen motar, igiya a hannunsa yana naɗewa. Na zauna. Da na jingina, ƙeyata ta sauka a kan wurin da aka yanke, inda katakon ke da ɗan kaushi a ƙarƙashin fenti. Na kai hannu na shafa. Ana jin bin zarton, ya ɗan karkace wajen ƙarshe, kamar wanda hannunsa ya gaji. Na zauna a nan har aka kira salla. Mutum biyu ko uku suka gane ni suka zo.

Bayan 'yan makonni mai shagon da Auta ke haya ya zo gida. Ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ya sha ruwa, sannan ya ce ba don ya matsa mini ba, amma ƙarshen wata yana so ya san sunan wanda zai rubuta a sabuwar yarjejeniya, ko kuma a kwashe kayan. Ni da uwar Auta ne magadansa. Na tambaye ta, ta ce, "Malam, duk yadda ka yi." Kofin shayinsa kawai ta ɗauke daga kicin ta kai ɗakinta.

Sakatare ya riga ya yi mini bayani sau biyu, da ladabi. Yana so ya karɓi kayan ya mai da abin kamfani na sosai, da ofis a bakin titi, da sunan Auta a bayan kowace kujera don kada a manta shi. Zai sa a yi wa kujerun riguna masu ruwan zinariya, ya sayo babbar kujera guda ta babban baƙo, domin ya lura Auta bai da ita, kuma masu taro suna so. Zai ɗauki matasan direbobi masu inifom. Da na ambaci Dogo, ya ce za a duba masa wani abu. 'Yata tana bayansa, kuma na fahimce ta. Tana so abin ƙaninta ya zauna a gida, ta riƙa ganin sunansa. Dogo bai nemi komai ba. Kullum da safe yana zuwa ya buɗe shagon, ya cika alƙawuran da Auta ya ɗauka kafin ya rasu, ya kawo mini makulli da yamma. Alƙawuran suna ƙarewa.

Na kira Sakatare shi kaɗai wata ranar Lahadi. Muka zauna a falo. Na gode masa kan abin da ya yi mana, na kuma faɗa masa dalla-dalla don ya san na gani. Sannan na tambaye shi, ranar da aka kafa rumfa a ƙofar gida, a ina na zauna.

Ya dube ni da mamaki. "A tsakiya mana, Baba. Ai ni na zaunar da ku da hannuna."

Ba ƙarya yake yi ba. Haka yake a ransa, kuma haka zai ba 'ya'yansa labari. Ban gyara masa ba. Na ce masa na yanke shawara Dogo zai ci gaba da kayan. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya tambaya ko akwai abin da ya yi. Na ce babu. Ya gaishe da uwar Auta ta bakin ƙofa ya tafi. 'Yata ta yi kwanaki ba ta kira ba, sannan ta kira ta tambayi idona.

Da na faɗa wa Dogo, ya ce ba shi da abin saye. Na ce ban ce saye ba. Ya daɗe yana kallon makullin a hannuna kafin ya karɓa. Muka je tare wurin mai shago aka rubuta sunansa.

Sauran kayan ba su da yawa. Tufafinsa uwarsa ta ninke ta raba wa 'ya'yan ƙannenta, ban da farar rigar, wadda asibiti ba su dawo da ita ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Takalmansa sun yi wa babban ɗan Dogo daidai. Wayarsa tana wurin yayarsa, ta ce tana so ta riƙa jin saƙonnin muryar da ke ciki. Takardar diflomarsa na sa a cikin jakar da nake ajiye tawa. Malamar asibitin ta zo sau ɗaya, ta zauna da uwarsa, ta tafi da hularsa ta rana. Kwalin jawaban na buɗe shi a shago, na ɗauki ta sama na ga layin farko, na mayar. Mai sayen tsofaffin takardu ya zo ya ɗora shi a kan sikeli ya tafi da shi. Famfon tsakar gida na kira mai gyara. Roba ce ta cinye, bai yi minti goma ba.

Ranar da aka gama komai, da yamma, Dogo ya tsaya da mota a ƙofar gida. Na fito na tarar ya kwance kujerar ya sauke ta, ya goge ta, yana riƙe da ita ta hannuwa biyu. Ya ce ya ga kamar za mu so ta zauna a falo.

Na tambaye shi ko yana da aiki gobe. Ya ce akwai, taron yaye ɗalibai, sun nemi sha ɗaya a gaba.

"Nawa za ka jera?"

"Sha biyu, Baba."

Na ce to ya mayar da ita. Ya ɗora ta a jikin kan motar, ni na riƙe masa bakin igiyar har ya gama ɗaurewa.